Guy de Maupassant: ƙaramin ma'aikacin da ya shekara bakwai yana koyon kallo

Duk wanda ya zauna a ajin Faransanci, ko a kolej ko a lise, da wuya a ce bai taɓa cin karo da sunan Guy de Maupassant ba. Galibi ta labarin La Parure ake fara saninsa. Matar wani ƙaramin ma'aikacin gwamnati ce ta ari sarƙar lu'ulu'u a wurin ƙawarta domin ta je liyafar minista, sai sarƙar ta ɓace. Ita da mijinta suka ci bashi suka sayi wata irinta a kan faran 36,000 na wancan zamani, suka shekara goma suna biya cikin wahala, daga bisani ta ji cewa wadda ta ɓatar jabu ce, kuɗinta bai wuce faran 500 ba. Ɗalibai kan riƙe wannan ƙarshe. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne mijin nan a ma'aikatar ilimi ta birnin Paris yake aiki, wato inda shi kansa marubucin ya taɓa zama bayan tebur yana jiran ƙarshen wata.

Maupassant bai cika shekara 43 a duniya ba. Cikin shekaru goma kacal, daga 1880 zuwa 1890, ya fitar da gajerun labarai kimanin 300, da littattafan ƙagaggen labari 6, da littattafan tafiye-tafiye 3, ban da sharhin da yake yi wa jaridu. Mai ganin wannan lissafi zai ɗauka baiwa ce ta sauko masa dare ɗaya. To amma kafin waɗannan shekaru goma akwai wasu bakwai da ya yi yana rubutu yana ajiyewa, malaminsa yana karantawa yana mayar masa.

Yaron bakin teku

An haife shi ranar 5 ga watan Agusta na shekarar 1850 a yankin Normandi, arewa maso yammacin Faransa, kusa da garin Dieppe. Auren iyayensa bai yi daɗi ba, kuma yana ɗan shekara goma da ƴan kai suka rabu. Mahaifiyarsa Laure ta kwashe shi da ƙanensa Hervé ta koma Étretat, wani ƙaramin gari na masunta da ke ƙarƙashin manyan fararen duwatsu a gaɓar teku. A can ya tashi. Yana shiga jiragen masunta, yana yawo gonaki da kasuwannin ƙauye, har ya iya karin harshen manoman yankin, ya san yadda suke ciniki, da yadda suke zagaye magana idan ba su son faɗin gaskiya. A lokacin wasa ne kawai a wurinsa. Bayan shekaru ashirin waɗannan mutane ne suka cika labaransa.

Laure mace ce mai karatu, kuma tana da wata alaƙa da ta zama jarin ɗanta. Yayanta Alfred Le Poittevin, wanda ya mutu a 1848, shi ne babban aminin Gustave Flaubert, marubucin Madame Bovary. Flaubert bai taɓa mantawa da wannan aboki ba, kuma daga baya ya ga kamanninsa a fuskar ɗan ƙanwarsa.

Yana ɗan shekara 13 aka kai Guy makarantar kwana ta limaman Katolika a Yvetot. Bai so wurin ba ko kaɗan, kuma a 1868 aka kore shi saboda wasu baitoci da ya rubuta waɗanda limaman suka ga rashin kunya a cikinsu. Ya koma lise ta birnin Rouen, inda mawaƙi Louis Bouilhet, shi ma aminin Flaubert, ya riƙa duba masa waƙoƙinsa a ranakun hutu. Bouilhet ya cusa masa cewa yawan rubutu ba shi ke sa a tuna da mutum ba, ƴan baitoci marasa aibi sun isa. Bai daɗe da wannan malami ba, domin Bouilhet ya mutu a 1869, shekarar da Guy ya sami bakaloriya ya tafi Paris karatun shari'a.

Karatun ma bai yi nisa ba. A watan Yulin 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawan Prusiya, aka ɗauke shi soja. Ya ga yadda rundunar ƙasarsa ta watse tana gudu cikin sanyi, ya ga masu kuɗin gari suna lallaɓa sojan mamaya domin dukiyarsu ta tsira. Ya fita daga soja a 1871 da ƙyamar yaƙi wadda ba ta rabu da shi ba har ya mutu.

Tebur a ma'aikata, darasi ranar Lahadi

Bayan yaƙi aljihun gidansu ya yi rauni, dole ya nemi aiki. A 1872 ya shiga ma'aikatar sojan ruwa, wadda a lokacin ita ce kuma ke riƙe da harkokin ƙasashen da Faransa ta mallaka. Da farko ko albashi babu. Da aka fara biyansa a shekara mai zuwa, faran 125 ne a wata, abin da ke isa haya da abinci da ƙyar a birni kamar Paris. Aikin kuwa kwafar takardu ne da lissafi, daga hantsi zuwa yamma, a tsakiyar mutanen da duk burinsu ƙarin girma da ɗan ladan ƙarshen shekara.

Ya tsani wurin, wasiƙunsa sun cika da kuka a kan haka. Sai dai ko a cikin ƙin akwai abin da yake kwasa. Ya lura da yadda ƙaramin ma'aikaci yake rage murya idan shugaba ya shigo, da yadda yake lissafin kuɗin sabuwar laima kamar zai sayi gida, da yadda gaba ke shiga tsakanin mutum biyu saboda an matsar da ɗaya gaba. A wata wasiƙa ta 1874 ya roƙi mahaifiyarsa ta riƙa nemo masa abubuwan da za su yi labari, yana mai cewa da rana a wurin aiki zai iya satar lokaci ya ɗan taɓa su, tun da dare ya ware shi ga wasan kwaikwayon da yake rubutawa. Ashe tun a lokacin ya gane cewa labari ba ya faɗowa daga sama. A bakin maƙwabta yake, da hirar kasuwa, da abin da ya sami ɗiyar wane.

A waɗannan shekaru ne Flaubert ya ɗauke shi almajiri. Duk sa'ad da dattijon ya bar gidansa na Croisset, kusa da Rouen, ya zo Paris, Maupassant kan kai masa abin da ya rubuta. Flaubert ya karanta duka, ranar Lahadi mai zuwa kuma, suna cin abincin rana, ya warware masa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya. Maupassant da kansa ya ba da wannan labari a gabatarwar littafinsa Pierre et Jean na 1888, inda ya ce shekara bakwai ya yi a haka, yana waƙa, yana gajeren labari, har da wani wasan kwaikwayo da shi ma ya yarda ba shi da kyau, kuma bai ga abin ajiyewa a cikinsu ba.

Ya kamata a san irin malamin da ya samu. Flaubert mutum ne da ya shafe kusan shekara biyar a kan littafi guda, wanda ke karanta jimlolinsa da ƙarfi a ɗakinsa domin kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Darasin da ya ba yaron kuwa bai fara daga alƙalami ba. Ya fara ne daga tsayawa a titi. Idan ka wuce mai shago zaune a ƙofar shagonsa, ko mai gadi yana zuƙar lofe, aikinka shi ne ka zana shi da kalmomi yadda mai karatu ba zai haɗa shi da wani mai shago ko wani mai gadi ba, a ga zamansa, a kuma hango halinsa ta cikin zaman. Idan dawakin haya sun yi layi suna jiran fasinja, ka nemo abin da ya raba ɗaya da sauran.

Dalilin da Flaubert ya kafa shi ne yawancin mutane ba sa ganin abin da ke gabansu, suna tuna abin da aka riga aka faɗa a kansa ne kawai. An ce tsoho, sai a kawo sanda da furfura. An ce kasuwa, sai a kawo hayaniya. Alhali tsohon da ke gabanka wataƙila ba shi da sanda, abin da ya bambanta shi shi ne yadda yake shafa aljihu kowane lokaci don ya tabbata kuɗinsa na nan. Ba a ganin irin wannan sai an daɗe ana kallo, har abin ya daina kama da ƴan uwansa. Daga nan sai neman kalma: sunan da ya dace, da aikatau ɗin da ya dace, kada a yarda da na kusa da shi don gajiya. A wurin Flaubert abin da ake kira baiwa dogon haƙuri ne, kuma ya hana almajirin gaggawar kai rubutu wurin masu bugawa. Ƴan abubuwan da Maupassant ya fitar a wannan tsakani da sunayen aro ya fitar da su, irin su Joseph Prunier da Guy de Valmont.

Akwai ranar da malamin ya gwada shi da aiki na gaske. A ƙarshen 1877 Flaubert yana rubuta littafinsa na ƙarshe, Bouvard et Pécuchet, yana neman wani wuri a gaɓar teku inda zai sa mutanensa biyu su yi yawon duba duwatsu. Ya tambayi Maupassant, shi kuwa ya aika masa da doguwar wasiƙa mai bayanin gaɓar Étretat taki bayan taki, har da zane. Flaubert ya yaba, amma ya ce wurin ya yi sarƙaƙiya da yawa ga abin da yake so, bai yi amfani da shi ba. Wannan ma darasi ne: ba duk abin da ido ya gani yake shiga labari ba.

Kada a ɗauka almajirin salihi ne mai zaman ɗaki. Ƙaƙƙarfan saurayi ne mai faɗin ƙirji, wanda da zarar Asabar ta yi sai ya nufi kogin Seine, wajen Argenteuil da Bezons, ya wuni yana tuƙin kwale-kwale da abokai, ga shaye-shaye, ga neman mata ba iyaka. A nan ya ɗauko ciwon tunjere, wanda likita ya tabbatar masa a 1877. Ya mayar da abin wasa a wasiƙar da ya rubuta wa wani abokinsa, bai san ya karɓi takardar ajalinsa ba, domin a wancan zamani ciwon ba shi da magani mai warkarwa.

A damina ta 1878 abubuwa suka cushe masa. Shugabansa ya sa masa ido, ya hana shi taɓa wani abu in ba aikin gwamnati ba. Ya rubuta wa Flaubert cewa bayan awa bakwai na lissafi kansa ba ya iya komai da dare, yana zama gaban farar takarda ya tashi bai rubuta abin kirki ba, kuma duniya ta gundure shi, komai iri ɗaya ne. Amsar da ta zo daga Croisset ba ta lallashi ba ce. Dattijon ya gaya masa cewa tuƙin jirgi da mata sun yi yawa, aiki ya yi kaɗan. Ya yi masa lissafi cewa daga ƙarfe biyar na yamma zuwa goma na safe lokacinsa ne, ba na ma'aikata ba, kuma wanda ya ce komai iri ɗaya ne bai duba da kyau ba. Bayan faɗan kuma ya yi masa hanya, a ƙarshen shekarar aka mayar da shi ma'aikatar ilimi, inda aka ɗan sakar masa mara.

Dunƙulen kitse

Ranakun Lahadi a gidan Flaubert ne suka haɗa shi da manyan marubutan lokacin: Émile Zola, Alphonse Daudet, Edmond de Goncourt, da Ivan Turgenev ɗan Rasha. Ba su ɗauke shi da wani muhimmanci ba, yaron Flaubert ne mai ƙarfin tuƙi da labaran batsa. Da Zola da wasu matasa biyar suka shirya fitar da littafi guda na labarai shida a kan yaƙin 1870, mai suna Les Soirées de Médan, Maupassant na cikinsu, kuma shi ne wanda ba a sa ran komai daga gare shi.

Labarinsa shi ne Boule de Suif, wato dunƙulen kitse, laƙabin wata karuwa mai jiki. Mutum goma ne suka shiga keken dawaki suna gudu daga Rouen bayan Jamusawa sun kama garin: attajirai da matansu, wani basarake da matarsa, mata biyu masu hidimar coci, wani ɗan siyasa mai yawan baki, sai ita. Da farko ko kallonta matan kirki ba sa yi. Da yunwa ta kama su a hanya, ita kaɗai ce ta yi guzuri, ta buɗe kwandonta kowa ya ci. A masaukin garin Tôtes wani hafsan Jamus ya hana su wucewa sai ta kwana da shi. Ta ƙi, saboda kishin ƙasa. Kwana ya bi kwana, mutanen kirkin nan suka haɗa kai, kowa da irin dabararsa, har da kawo hujjar addini, sai da suka tura ta. Washegari aka ci gaba da tafiya, kowa ya buɗe guzurinsa, ita ba ta sami damar yin nata ba, kuma babu wanda ya miƙa mata ko loma.

Babu wurin da marubucin ya tsaya ya yi wa'azi. Kwandon abinci biyu ne suka yi masa aikin, na zuwa da na dawowa. Flaubert ya karanta tun kafin a buga, ya ce wannan aikin gwani ne kuma zai daɗe. Littafin ya fito a watan Afrilun 1880, sunan Maupassant ya cika Paris cikin ƴan kwanaki. Bayan makonni uku, ranar 8 ga watan Mayu, Flaubert ya faɗi ya mutu a Croisset. Almajirin ya garzaya can a ranar, shi ya wanke gawar, ya kwana a gefenta.

Shekaru goma na aiki

Daga nan ya daina zuwa ma'aikata, ko da yake ya yi ta karɓar hutu bai yanke igiyar gaba ɗaya ba sai da ya tabbata alƙalami zai ciyar da shi. Jaridun Le Gaulois da Gil Blas suka ɗauke shi, kuma a shekarun 1883 da 1884 kusan babu makon da ba a ga sabon labarinsa ba. Jarida ba ta jiran mai jiran wahayi. Tana da ranar fita, tana da iyakar fili, kuma wannan matsi ya dace da horon da ya samu. François Tassart, wanda ya yi masa hidima a gida tun daga 1883 kuma ya rubuta littafi a kansa daga baya, ya nuna mutum ne mai tsari: safiya ta rubutu ce har zuwa tsakar rana, yamma kuma ta fita ce, ko tuƙi, ko harbi, ko yawo, ko ziyara. Fitar ma rabin aiki ce. A teburin cin abinci yake tatsar likitoci da mafarauta da ma'aikatan kotu, ƙananan labaran da jaridu ke cusawa a shafin baya kuwa ba ya tsallake su.

La Ficelle, wanda ya fito a 1883, ya isa misalin abin da yake yi da ɗan ƙaramin abu. Wani tsohon manomi mai tsimi yana shiga kasuwar Goderville ya ga guntun igiya a ƙasa, ya duƙa ya ɗauka, don a ganinsa komai na da ranarsa. Ɗagowar da zai yi sai ya ga wani baduku da suke gaba yana kallonsa daga ƙofar shago. Kunya ta kama shi a ce maƙiyinsa ya gan shi yana tsintar igiya, sai ya yi sauri ya ɓoye ta, ya yi kamar yana neman wani abu. A ranar aka yi shelar alabe ya ɓace da faran 500 a ciki, baduku ya ce ya ga wanda ya tsinta. Washegari wani ya kawo alaben, amma ba wanda ya yarda da tsohon, aka ce abokin sata ya ba ya mayar. Ya bi gari yana rantsuwa, yana ƙara tsawon bayani, yawan bayanin kuma yana ƙara sa a ƙi yarda da shi, har baƙin ciki ya kwantar da shi ya mutu. Duk labarin a kan ɓoye igiyar nan ya tsaya. Wanda bai taɓa zama ya kalli yadda talaka mai girman kai yake yi idan an kama shi cikin ƙaramin abin kunya ba, ba zai ƙago wannan motsi ba.

Kuɗi suka shigo. Ya gina gida a Étretat, ya sayi jirgin ruwa ya sa masa sunan littafinsa Bel-Ami na 1885, ya ɗauki nauyin mahaifiyarsa da iyalin ƙanensa. Pierre et Jean a gidan Étretat ya rubuta shi cikin ƴan watannin bazarar 1887. Sunansa ya kai har Rasha, inda Turgenev ya miƙa wa Tolstoy littafinsa La Maison Tellier. Tolstoy ya yaba masa ƙarfin lura, ya ce yana ganin abin da wasu ba sa gani, amma ya zarge shi da cewa a labaransa na farko bai damu da bambanta kyakkyawa da mummuna ba, kuma yana kallon manoma kamar dabbobi. Zargin na da ƙamshin gaskiya.

Inda idon ya gaza

Mai karatu a wannan yanki zai so ya san abin da wannan ido ya gani da ya tsallako Afirka. A 1881 jaridar Le Gaulois ta aike shi Aljeriya, lokacin boren Bou Amama a kudancin Oran, kuma daga wannan tafiya littafin Au soleil ya fito a 1884. Ya faɗi abubuwan da ƴan jaridar Faransa kaɗan ne suka yarda su faɗa a lokacin. Ya rubuta yadda ake ƙwace wa mutane gonakinsu a ba Turawa ƴan kama-wuri-zauna, da jahilcin jami'an da ake turowa su mulki ƙasar da ba su sani ba, ya kuma nuna cewa zalunci ne ke haifar da tawaye. A Bel-Ami ma ya tona yadda ƴan siyasa da masu jarida ke shirya mamaye wata ƙasar Arewacin Afirka domin hannayen jarinsu su tashi.

Amma a shafukan littafin tafiyar nan, da ya juyo kan Larabawan kansu, sai ya koma yi musu kuɗin goro, yana jera musu halaye na ƙarya da sata da lalaci kamar dukansu mutum ɗaya ne. Haka kuma a wani gajeren labari mai suna Tombouctou, inda ya kawo wani sojan Afirka baƙar fata a yaƙin 1870, abin da ya zana dodo ne mai dariya da ci, irin wanda Turawan zamaninsa suka saba ba juna labari. Mutumin da aka horar ya bambanta doki ɗaya da sauran dawakin layi, ya kasa bambanta Bafirke ɗaya da hoton da aka ba shi tun yana yaro. A Normandi ya san harshen mutane, ya ci abinci a gidajensu shekara da shekaru. A Aljeriya ƴan watanni ya yi, yawancin tafiyar tare da hafsoshin Faransa, kuma bai ji abin da mutanen ke faɗa da bakinsu ba.

Kallon yana da wani farashi kuma a kansa shi kansa. A littafin Sur l'eau na 1888 ya koka cewa marubuci ba ya iya jin abu kai tsaye kamar sauran mutane. Ko a wurin makoki yake, wani ɓangare na kansa yana tsaye gefe yana lura da yadda mai kuka ke motsa fuska, da wanda kukansa na gaske ne da wanda yake na ganin ido. Ya ce wannan gani na biyu azaba ne, kuma ba ya iya kashe shi. Bai yi aure ba, kuma bai cika daɗewa a wuri guda ba.

Tun farkon shekarun shahararsa ciwon da ya ɗauko a bakin kogi yake cinsa a hankali. Idanunsa suka fara ba shi wahala, har wani lokaci ba ya iya karatu sai a karanta masa. Ciwon kai mai tsanani ya sa shi shaƙar sinadarin eta don ya sami sauƙi, abin ya zame masa jaraba. Le Horla, labarin mutumin da ke jin wani abu marar ganuwa yana zaune tare da shi yana shanye masa ruwa da dare, ya fito a 1887. Mutane da yawa sun ɗauka mahaukaci ne ya rubuta shi, alhali tsarin labarin ya nuna mai shi yana cikin hankalinsa sarai, yana kallon tsoron da ke tahowa ne kamar yadda ya saba kallon mai shago a ƙofar shagonsa. A 1889 shi da kansa ya kai ƙanensa Hervé gidan masu taɓin hankali kusa da Lyon, inda ya mutu a watan Nuwamba na shekarar. Maupassant ya san hanyar da shi ma ya dosa.

Bayan Notre cœur na 1890 bai sake kammala wani littafin ƙagaggen labari ba. Ya fara wani mai suna L'Angélus, ya yi ƴan shafuka, ya kasa ci gaba. Yana yawo da su daga wannan wurin jinya zuwa wancan, kalmomi suna ɓace masa, a wasiƙunsa na ƙarshen 1891 har yana tsallake wasu yana maimaita wasu. A daren 1 ga watan Janairun 1892, bayan ya dawo daga gaida mahaifiyarsa, ya yi yunƙurin kashe kansa a gidansa na Cannes, Tassart da wani matuƙin jirginsa suka riƙe shi. Bayan ƴan kwanaki aka kai shi asibitin Dakta Blanche da ke unguwar Passy a Paris. Ya yi wata goma sha takwas a can, a ƙarshe ba ya gane masu zuwa duba shi.

Ya mutu ranar 6 ga watan Yuli na 1893, saura wata ɗaya ya cika shekara 43. An binne shi a maƙabartar Montparnasse, Zola ne ya yi jawabi a bakin kabarin. Mahaifiyarsa Laure, wadda ta riƙa nemo masa labaran Étretat tun yana ƙaramin ma'aikaci, ta rayu kimanin shekara goma bayan ta rasa ƴaƴanta biyu. Shafukan L'Angélus kuwa wata mujallar Paris ta buga su bayan mutuwarsa, a yadda ya bar su.